Robert Higgs da ƙugiyar dokar ta-ɓaci

A 1916, ana saura shekara guda Amurka ta tsunduma cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk abin da gwamnatin tarayyarta ta kashe bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba. Zuwa 1919 ya haura biliyan 18. Da aka ajiye makamai, sojoji suka koma gidajensu, kashe kuɗin ya sauko, sai dai bai koma mazauninsa na da ba. Wajen biliyan 3 ya yi ta shawagi har ƙarshen shekarun 1920. A yaƙi na biyu ma haka aka maimaita: biliyan 9 da rabi a 1940, kusan biliyan 93 a 1945, sannan wajen biliyan 30 a 1948. Ko an cire tsadar kaya da ƙaruwar jama'a daga lissafin, tazarar tana nan daram.

Akwai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tambayar dalilin wannan tazara, wato Robert Higgs, masanin tarihin tattalin arziki ɗan Amurka. Yana cikin masu aƙidar da Turawa ke kira libateriyan, mutanen da ke ganin 'yancin mutum a kan ransa da guminsa da dukiyarsa shi ne gaba da komai, kuma duk inda hannun gwamnati ya miƙe to wani yanki na wannan 'yanci ne ya tafi. Ban yarda da shi a komai ba, zan kuma faɗi inda muka raba hanya. Amma ina ganin abin da ya gano game da ɗabi'ar iko a lokacin tsoro gaskiya ne, kuma mu da muka shafe shekaru muna rayuwa tsakanin shingen bincike da dokar hana fita mun fi Amurkawa buƙatar jin sa.

An haife shi a jihar Oklahoma ranar 1 ga Fabrairu 1944. Iyayensa ba masu hali ba ne, ma'aikatan ƙarfi ne da suka yi ƙaura zuwa kwarin San Joaquin na Kalifoniya, ƙasar gonaki, a can ya tashi. Ya samu digirin digirgir a fannin tattalin arziki daga Jami'ar Johns Hopkins a 1968, ya kama koyarwa a Jami'ar Washington da ke Seattle, inda ya yi shekara 15 a sashe ɗaya da Douglass North, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1993. Wannan zamani ne da matasan masana ke shigo da lissafi da ƙididdiga cikin nazarin tarihi, suna cewa kada a tsaya ga abin da shugabanni suka faɗa, a je a duba rajistar gonaki da takardun albashi da farashin auduga. Higgs ɗan wannan makaranta ne, kuma shi ya sa ko masu adawa da aƙidarsa ba sa iya watsar da shi da hannu ɗaya. Daga can ya koma Kwalejin Lafayette, sai Jami'ar Seattle, kafin ya bar aji ya shiga cibiyar nazari ta Independent Institute da ke Oakland, inda ya zama editan farko na mujallarta, The Independent Review, tun fitowarta a 1996.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Crisis and Leviathan, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 1987. Lebiyatan sunan wani dodon ruwa ne da ya zo a tsoffin littattafan Yahudu da Nasara, wanda masanin falsafa ɗan Ingila Thomas Hobbes ya ara a 1651 ya laƙaba wa gwamnati. Ma'anar taken ke nan: masifa da dodo, ko yadda masifa ke ciyar da dodo. Higgs ya kwatanta girman gwamnati da wani ƙarfe mai haƙora da makanikai ke aiki da shi, wanda ke juyawa gefe guda, in ya yi gaba ba ya dawowa. Ni a wajena ƙugiyar masunci ta fi bayyana abin. Shigarta ba wuya, domin kifin da kansa ne ke haɗiye ta don yunwa. Fitarta kuwa sai da tsoka.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu kukan gwamnati ta yi girma shi ne bai tsaya ga kuɗi ba. Ya ce ma'aunin gaskiya shi ne yawan al'amuran da gwamnati ta samu ikon yanke hukunci a kansu, waɗanda da mutum ne ke yanke wa kansa: me zai shuka, nawa zai sayar, wa zai ɗauka aiki, ina zai kai ɗansa. Doka guda mai shafi biyu tana iya ƙwace abin da kasafin biliyoyi bai ƙwace ba.

Ya bi tarihin daki-daki. A 1917 gwamnatin Woodrow Wilson ta kafa ɗaukar soja na dole, ta naɗa hukumar da ke tsara wa masana'antu abin da za su ƙera, ta naɗa wata a ƙarƙashin Herbert Hoover mai kula da abinci, kuma a watan Disamba ta karɓe jiragen ƙasa baki ɗaya. Harajin kuɗin shiga, wanda aka fara a 1913 da kashi 7 cikin 100 a kan mafi arziki, ya kai kashi 77 a 1918. An yi dokar hana leƙen asiri a 1917 da ta hana tunzura jama'a a 1918, aka yanke wa Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu, ɗaurin shekara goma saboda jawabin da ya yi na ƙin yaƙi, yana cikin kurkuku ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920 ya samu ƙuri'a sama da 900,000. Bayan yaƙi an mayar da jiragen ƙasa ga masu su, an rushe yawancin hukumomin, haraji ya sauko zuwa kashi 25. Wanda ya duba sama-sama sai ya ce baƙo raɓa ne, ya zo ya wuce.

Higgs ya ce a'a, a duba abin da baƙon ya bari a ɗaki. Dokar hana ciniki da abokan gaba ta 1917 ba a soke ta ba, tana kwance cikin kundi. Da tattalin arziki ya karye, Franklin Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933, ita ya janyo ya rufe bankuna, sannan a Afrilu ya umarci Amurkawa su miƙa zinaren da ke hannunsu, alhali ba yaƙi ake yi da kowa ba. Hukumar ba da rance ta lokacin yaƙi ta dawo da sabon suna a 1932. Mutanen da suka koyi juya tattalin arziki da umarni a 1918 su ne aka sake kira a 1933, aka kuma kiran su a 1941. Kotun Ƙoli da ta halatta ɗaukar soja na dole a 1918 ta halatta korar Amurkawa 'yan asalin Japan daga gidajensu a 1944, mutum wajen 120,000 da aka tsare a sansanoni ba tare da an tuhume su da laifin komai ba. A 1943 aka fara cire haraji daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci, da sunan yaƙi, kuma har yau haka ake yi. Cikin ma'aikatan baitulmalin da suka tsara wannan har da Milton Friedman, wanda daga baya ya zama babban mai kiran a rage hannun gwamnati. Ina kawo wannan ne don a ga ba sai mugaye ba. Mutanen kirki masu kyakkyawar niyya ma suna ɗaura ƙugiyar in gari ya rikice.

Me ya sa ba ta fita? Wani ɓangare kowa ya sani: ma'aikatar da aka buɗe tana da ma'aikata, ma'aikata suna da iyali, 'yan kwangila suna da wakilai a majalisa. Amma Higgs ya fi ba da ƙarfi ga abubuwa biyu. Na farko, gwamnati a lokacin masifa ba ta son jama'a su ga ainihin kuɗin abin da take yi. Da za ta biya kowane saurayi abin da zai sa ya yarda ya tafi fagen fama da son ransa, da za ta sayi ƙarfe da alkama a farashin kasuwa, da harajin ya yi nauyin da mutane za su tambayi ko yaƙin ya cancanta. Sai ta ɗauki saurayin da ƙarfi, ta ƙayyade farashin da umarni, asarar ta watsu cikin gidaje inda ba mai tara lissafinta. Na biyu, wanda ya ɗauka shi ne mafi girma, shi ne canjin da ke faruwa cikin zukata. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da katin rabon sukari da jami'in da ke faɗin farashi, wannan shi ne duniya a wajensa. Ba ya tuna lokacin da babu su, balle ya nemi a koma. Hausawa sun riga sun ce sabo turken wawa.

A 1992 ya buga wata maƙala a mujallar tarihin tattalin arziki wadda ta taɓa abin da Amurkawa suka ɗauka kamar karatun allo, cewa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da su daga talaucin shekarun 1930. Gaskiya ne rashin aikin yi ya faɗo daga wajen kashi 15 a 1940 zuwa ƙasa da kashi 2 a 1944. Higgs ya ce to ina mamaki, an ɗebi mutum miliyan 10 da ƙarfi an sa musu kaki, sojoji sun kai miliyan 12. A gida kuwa nama da sukari da fetur da taya da takalmi duk sai da kati, an daina ƙera motar farar hula tun farkon 1942. Mutane suna aiki dare da rana suna ƙera abin da za a je a fasa. A ganinsa wadata ta gaskiya ba ta dawo ba sai 1946, lokacin da gwamnati ta janye hannu, kuɗin da take kashewa ya faɗi warwas, masana da yawa suna hasashen talauci zai dawo, sai ga shi bai dawo ba. Wannan maƙala tana da daraja a wajena don dalili guda: ta cire wa yaƙi rigar ado. Duk mai cewa yaƙi na kawo arziki, a tambaye shi arzikin wa.

A 1997 ya ƙara da wata hujja kan dalilin da ya sa karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta daɗe haka. Ya ce daga 1935 zuwa 1940 masu jari sun noƙe ne don ba su san wace doka za ta wayi gari gobe ba, ko dukiyarsu za ta kwana tasu. Masana da dama suna ganin ya ba wannan dalili nauyin da ya wuce kima, suna cewa ƙarancin kuɗi a hannun jama'a da rushewar bankuna sun fi shi tasiri, kuma ina jin suna da gaskiya a wani ɓangare. Sai dai ɗan kasuwar da ya yi odar kaya aka rufe iyaka a kansa a Agustan 2019, ko wanda canjin takardun naira ya tsayar wa ciniki a farkon 2023, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Da aka kai harin 11 ga Satumba 2001, littafin da ya shekara 14 a kan kanta ya zama kamar jiya aka rubuta shi. Cikin kwana uku majalisa ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, mace guda, Barbara Lee, ita kaɗai ta ce a'a. A Oktoba aka yi dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na sa ido da bincike, a 2002 aka kafa sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida. Wancan izini da aka bayar cikin kwana uku an yi ta dogaro da shi fiye da shekara ashirin, a Afganistan da Yaman da Somaliya da Siriya. Dokar leƙen asirin 1917 kuwa, da ita aka tuhumi Edward Snowden, wanda ya fallasa leƙen asirin da gwamnatin Amurka ke yi wa jama'a, a 2013.

Na gwada wannan ma'auni a kan tarihinmu, kuma abin da na gani bai bar ni na yi barci da daɗi ba. A 1942, don yaƙin Bature da Jamus, Ingila ta kafa hukumar da ta karɓe sayen gyaɗa da sauran amfanin gona na Afirka ta Yamma, ita ke yanka farashi. Yaƙi ya ƙare a 1945. Hukumar ba ta tafi ba, sai ta haifi hukumar gyaɗa da ta auduga a 1949, a 1954 aka mayar da su na yankuna. Manomin da gyaɗarsa ta gina dalar Kano ya shekara da shekaru yana karɓar abin da bai kai farashin duniya ba, ba shi da ikon kai wa wani mai saye. An yi ayyukan raya ƙasa da rarar, ban musa ba, amma ba a tambaye shi ba. Sai 1986 aka rushe hukumomin, shekara 41 bayan yaƙin da ya kawo su.

Yaƙin basasa ma haka. Sojojin da ba su wuce 10,000 ba kafin 1967 sun kai wajen 250,000 a 1970. Dokar man fetur ta 1969, wadda aka yi ana tsakiyar faɗa, ta miƙa mai gaba ɗaya ga tarayya, ta kuma rayu har 2021. 'Yan doka da gidajen yari na En'e suka narke cikin na tarayya. A 1975 aka karɓe jami'o'in yankuna, har da Jami'ar Ahmadu Bello. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 soja ne suka yi ta, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba a taɓa ta sai an gyara shi. Yau da ake ta muhawarar 'yan sandan jihohi, ƙugiyar 1967 ce ake ƙoƙarin zarewa. Sai dai a nan ma adalci ya sa a tuna cewa 'yan NEPU sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan En'e, don haka ba kowane iko da ya bar gida ya tafi tarayya ne talaka ya yi kukan rabuwa da shi ba.

Wannan ne ya kawo ni inda na saɓa da Higgs. Tun 1977 ya rubuta littafi, Competition and Coercion, kan baƙaƙen fatar Amurka daga 1865 zuwa 1914. Ya nuna cewa duk da wariya, gasar da masu gonaki ke yi wajen neman ma'aikata ta ba 'yantattun bayi damar barin mugun ubangida su koma wani, har zuwa 1910 sama da 200,000 cikinsu suka mallaki gonakin kansu, rashin iya karatu ya faɗo daga wajen kashi 80 zuwa kashi 30. Ya ce mafi munin cutar da aka yi musu ta hannun hukuma ta biyo: dokokin wariya, kotuna, hana ƙuri'a, ba da hayar fursunoni ga kamfanoni. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Amma taron da ke rataye baƙin mutum a bishiya ba ma'aikatar gwamnati ba ce, maƙwabta ne. Kuma ranar da yara tara baƙaƙe suka shiga makarantar fararen fata ta garin Little Rock a 1957, sojojin tarayya ne da Shugaba Eisenhower ya aika suka raka su. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta ƙuri'a ta 1965 faɗaɗa ikon tarayya ne, kuma sun ƙara 'yanci, ba su rage ba. Ma'aunin da ke ƙirga kowane ƙarin iko a matsayin asara ba zai iya ganin wannan ba.

Da shekaru suka ja, Higgs ya ƙara nisa, har ya fito fili ya ce shi bai yarda da halaccin gwamnati ba sam, ya kuma tattara ya koma zama a wani ƙauyen bakin teku a Meziko. Ina girmama mutumin da ya bi hujjarsa har inda ta kai shi. Amma ina da 'yan uwa a yankunan da gwamnati ta janye, a Zamfara da gabashin Sakkwato da wasu sassan Katsina, kuma abin da ya maye gurbinta ba kasuwa mai 'yanci ba ce. Ɗan bindiga ne ke yanka wa gari kuɗin da zai biya kafin ya yi shuka, ya sake yanka wani kafin girbi. Na san amsar da masu aƙidarsa za su bayar, cewa ai wannan ma gwamnati ce ƙarama, mai karɓar haraji da bakin bindiga. To amma gwamna ana kai shi kotu, ana zaginsa a rediyo, ana kayar da shi a akwati, wa'adinsa na ƙarewa. Wancan fa? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya jero zaluncin sarakunan zamaninsa, jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka, da kalmomin da ba su fi na Higgs sanyi ba. Maganin da ya kawo shugabanci ne mai iyaka da adalci, bai ce a zauna ba shugaba ba.

Saboda haka abin da na ɗauka daga Higgs ba rushe gwamnati ba ne, sa mata ranar fita ne tun ranar shiga. Mun ma ga hakan ya yi aiki. Sashe na 305 na tsarin mulkin Najeriya ya ba dokar ta-ɓaci wata shida, sai majalisa ta sabunta. Wadda aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013 ta mutu a Nuwamban 2014 don majalisa ba ta ƙara mata kwana ba. Matsalar tana ga matakan da ba su da suna dokar ta-ɓaci amma suna aikinta, waɗanda ake sanarwa da baki a taron manema labarai. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. An janye daga baya, amma misalin ya zauna, gwamna na gaba ya san ana iya yi. A Diffa ta Nijar, dokar ta-ɓacin Fabrairun 2015 an yi ta sabunta ta duk wata uku shekara bayan shekara, aka hana babura, aka hana cinikin kifi da tattasai, abincin dubban gidaje. Wataƙila wasu matakan sun zama dole a ranar da aka ɗauke su. Abin da nake nema shi ne kowanne ya zo a rubuce da ranar ƙarewarsa, mai son a tsawaita shi ne zai zo gaban majalisa da hujja, a faɗi abin da aka samu, a faɗi wanda ya yi asara, a kuma biya shi.

A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana goyo a babur a birnin Kano. Dalilin a bayyane yake, maharan a kan babura suke zuwa, kuma mutane da yawa, har da ni, mun goyi bayan matakin a lokacin. Dubban 'yan acaɓa suka rasa sana'a, wasu suka ci bashi suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka bar garin. An fi shekara goma yanzu. Mai yiwuwa a duba a ga hanin yana da amfani har gobe, ko don tsaro ko don raguwar haɗari a titi. Ni dai ban taɓa jin ranar da aka zauna a bainar jama'a aka duba ba, ban kuma ji an faɗi sharaɗin da in ya cika za a ɗage shi ba.